Tsofaffin gine-ginen garin Natchez: tambayoyi da amsoshi ga mai niyyar ziyara

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa mazauna kudancin Amurka, ɗalibai da ma'aikata, da baƙin da ke zuwa musu daga gida, duk lokacin da aka ce a je Natchez. An fara da na sama-sama, sannan aka nutsa. Kowace amsa ta wadatar da kanta, inda kuma ya kamata a leƙa wata, an nuna.

Ina ne Natchez, kuma me ya sa ake maganarsa alhali ƙaramin gari ne?

Natchez yana kudu maso yammacin jihar Mississippi, a kan wata doguwar gaɓa da ta ɗara ruwan kogin Mississippi da wajen mita 60. In kun tsaya a bakin gaɓar, garin Vidalia na jihar Louisiana kuke hangowa a tsallake, gada ta haɗa su tun 1940. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 14,520 a garin, mafi yawansu baƙaƙen fata. A 1960 sun haura 23,000, ke nan garin raguwa yake yi, musamman bayan rufe masana'antunsa, ciki har da kamfanin takarda na International Paper da ya rufe a 2003.

Tsufansa da dukiyar da ta taɓa zama a cikinsa su suka ɗaga sunansa. Faransawa sun kafa sansanin Fort Rosalie a nan a 1716, shekara biyu kafin a kafa New Orleans. Daga baya kuɗin auduga ya tara attajirai a garin, suka yi ta gasar gini, yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 kuma ya zo ya wuce bai ƙone gidajen ba. Yau gine-gine fiye da 1,000 na garin suna cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa.

Su wa suka riga Turawa zama a wurin? Akwai abin da ya rage nasu?

Al'ummar Natchez, waɗanda garin ya ci sunansu. Manoman masara ne masu sarauta, suna kiran sarkinsu Babbar Rana, suna tara ƙasa su yi tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, su ɗora gidan sarki da ɗakin ibada a sama. Babban garinsu, wanda yanzu ake kira Grand Village, yana cikin Natchez na yau, da tuddai uku da ƙaramin gidan tarihi, shiga kyauta. Kimanin kilomita 16 arewa maso gabas kuma akwai Emerald Mound, tudun da ya mamaye eka 8, na biyu a girma cikin irinsa a duk Amurka. Da kwanduna aka ɗebo ƙasarsa, ba dabba ba keke.

Ƙarshensu da ciwo. A 1729 kwamandan Faransawa ya nemi su tashi daga wani ƙauyensu ya mai da shi gonarsa. A watan Nuwamba suka afka wa sansanin, suka kashe Faransawa fiye da 200, wasu bayi 'yan Afirka ma suka mara musu baya. Faransa ta rama da taimakon ƙabilar Choctaw. Waɗanda aka kama aka sayar da su bayi a tsibirin da yanzu ake kira Haiti, waɗanda suka tsira suka ɓuya a cikin wasu ƙabilu. Wanda ya fara ziyararsa daga nan zai fi gane sauran.

An ce garin ya bi hannun ƙasashe da yawa. Ana ganin alamar haka a gine-gine?

Bayan Faransa, Ingila ta karɓe shi a 1763, Sifaniya ta ƙwace a 1779, sannan ya koma hannun Amurka a 1798. Na Faransawa babu ginin da ya rage, sai filin sansanin. Sifaniyawa su suka yanka titunan tsakiyar gari a miƙe, layi-layi, kuma a kansu ake tafiya har yau. King's Tavern, wani tsohon masauki na katako da bulo, daga zamaninsu yake, kuma shi ake ɗauka gini mafi tsufa a garin. A tudun da ake kira Ellicott's Hill ne wani mai awon ƙasa, Andrew Ellicott, ya kafa tutar Amurka a 1797 tun Sifaniyawa ba su kwashe kayansu ba. Da Mississippi ta zama jiha a 1817, Natchez ne babban birninta na farko.

Daga ina kuɗin gina waɗannan manyan gidaje ya fito?

Daga auduga, audugar kuma bayi ne suka noma ta, suka tsince ta, suka ɗaure ta dila-dila aka loda a jiragen ruwa zuwa New Orleans, daga can zuwa masaƙun Ingila da na arewacin Amurka. Bayi ne kuma suka gasa bulon gidajen, suka yi dakon katako, da yawa cikinsu ma kafintoci ne da magina ƙwararru waɗanda iyayen gijinsu ke ba da hayarsu.

Akwai abin da baƙi ke yawan kuskurewa. Yawancin waɗannan gidaje ba a cikin gandun auduga suke ba. Gidajen zama ne na cikin gari da bayan gari. Gandayen suna can tsallaken kogi a fadamun Louisiana da wasu sassan Mississippi, inda zafi da sauro da bulala suke, maigidan kuma yana nan kan tudu yana shan iska. Stephen Duncan, mai gidan Auburn da aka gina a 1812, ya mallaki bayi wajen 1,000 a gandaye daban-daban, amma wanda ya zaga Auburn ba zai ga ko kadada ɗaya ta auduga ba. Shi ya sa mai ziyara zai iya sha'awar ginshiƙai da fitilu ya fita bai ga inda gumin ya zuba ba. Don cike wannan giɓi, a duba amsar da ke kan Forks of the Road.

In lokacinmu kaɗan ne, wane gida za mu shiga?

Longwood da Melrose. In sai ɗaya, Longwood.

Longwood gida ne mai kusurwa takwas, hawa shida, da ƙubba a ƙololuwarsa irin ta gine-ginen gabas. Wani attajirin auduga, Haller Nutt, ya ɗauko mai zane Samuel Sloan daga Philadelphia, aka fara gini a 1860 da niyyar ɗakuna 32. Da yaƙi ya ɓarke a 1861, ƙwararrun ma'aikatan da suka zo daga arewa suka ajiye kayan aiki suka koma gida. Ɗakuna 9 na hawan ƙasa kaɗai aka gama, da hannun bayi da maginan gari. Nutt ya yi asarar audugarsa da gandayensa, ya mutu a 1864, iyalinsa suka ci gaba da zama a wannan hawa na ƙasa shekara da shekaru. Daga waje za ku rantse gidan ya kammala. Ku hau matakala ɗaya kawai, sai ku tarar da jan bulo tsirara babu yaɓe, katakon rufi a fili, tsofaffin gwangwanayen fenti da akwatunan kaya a gefe kamar masu su za su dawo gobe. In kuka ɗaga kai, idonku zai bi ramin tsakiyar gidan har can cikin ƙubba. Babu gidan da ya fi shi nuna yadda dukiyar ta tsaya cak rana ɗaya.

Melrose kuma an gama shi a ƙarshen shekarun 1840 don wani lauya, John McMurran, kuma yana hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta tarayya. Darajarsa ita ce bayan gidan bai rushe ba: kicin, ɗakin madara, barga, da ɗakunan bayi duk suna nan. A ɗakin cin abinci akwai wani faffaɗan mafici na katako rataye a saman tebur, wanda yaro bawa ke ja da igiya har a gama cin abinci. A bayan gida akwai jerin ƙararrawa, kowace da amonta, don bawa ya san ɗakin da ake kiransa. Mai son ganin ƙawa zalla sai ya ƙara da Stanton Hall na 1857, wanda ya cinye layi guda sukutum, mai shi Frederick Stanton kuma ya mutu a 1859, 'yan watanni bayan tarewa.

Me ya hana a ƙone gidajen a lokacin yaƙi, kamar yadda aka yi wa wasu garuruwan kudu?

Garin bai yi turjiya ba. Bayan faɗuwar New Orleans a 1862, Natchez ya miƙa wuya ga jiragen yaƙin tarayya, wato ɓangaren arewa, a 1863 kuma, bayan an ci garin Vicksburg da ke arewa da shi a bakin kogin, sojoji suka shigo suka zauna. Gidan Rosalie na 1823, wanda ke kallon kogi, shi suka mai da hedikwata. Attajiran garin da dama suna da dangi da jari a arewa, ba su so ɓallewar kudu ba tun farko.

Abu na biyu da ya tsare gidajen shi ne talauci. Da bauta ta ƙare, jiragen ƙasa suka rage wa kogi ciniki, sannan ƙwaron auduga ya iso a farkon ƙarni na 20 ya cinye gonaki. Babu mai kuɗin rushe tsohon gida ya gina sabo, don haka aka zauna a cikinsu ana lallaɓawa.

Mene ne Forks of the Road?

Kasuwar bayi ce, ta biyu a girma a can ƙuryar kudu bayan ta New Orleans. Tana mararrabar hanyoyi, kimanin kilomita ɗaya da rabi gabas da tsakiyar gari, inda titin St. Catherine ya haɗu da hanyar Liberty. Ta bunƙasa daga 1833, lokacin da hukumar gari, don tsoron cutar kwalara, ta kori dillalan bayi daga cikin gari, sai suka koma daidai bakin iyaka. Manyan dillalan su ne Isaac Franklin da John Armfield. Suna sayen mutane a Virginia da Maryland inda ƙasar taba ta gaji, su turo wasu ta jirgin ruwa, wasu kuma a ɗaure su da sarƙa a jere, su tako da ƙafa ta Tennessee, tafiyar makonni. In sun iso a yi musu wanka, a sa musu sabbin tufafi, a jera su. Ba gwanjo ake yi ba, ciniki ne: mai saye ya duba haƙora da hannuwa da baya, ya taya, a yi albarka ko a sallama. Dubban mutane aka raba da 'ya'yansu da matansu a wannan fili.

Kasuwar ta mutu a 1863 da shigowar sojojin tarayya. Baƙaƙen sojoji, waɗanda wasunsu a nan aka sayar da su, su suka rushe rumfunan, aka yi amfani da katakon wajen ginin sansani. Daga nan wurin ya shafe fiye da ƙarni babu ko allo, sai da wani ɗan garin, Ser Seshsh Ab Heter-Boxley, ya shafe shekaru yana fafutuka kafin a waiwaye shi. A 2021 aka miƙa filin ga hukumar tarayya.

Kada ku sa ran ganin gini. Ɗan fili ne a gefen titi, motoci na wucewa, da alluna masu bayani, da wasu maruruwa da sarƙoƙi na ƙarfe da aka dasa a cikin siminti a ƙasa. A ganina babu wanda ya kamata ya biya kuɗin shiga gidan attajiri ko ɗaya bai fara tsayawa a nan ba, domin abin da aka sayar a wannan fili shi ya gina wancan.

Akwai mutanenmu cikin waɗanda aka bautar a Natchez?

Waɗanda aka sayar a Forks of the Road galibi haifaffun Amurka ne, domin an haramta shigo da bayi daga Afirka tun 1808. Amma kafin nan, a zamanin Faransa da Sifaniya, kai tsaye ake kawo su. Takardun cinikin bayi na Louisiana, wadda Natchez ke ƙarƙashinta a zamanin Sifaniyawa, sun ambaci Bambara da Wolof da Fulani da Yarbawa, har da Hausawa 'yan kaɗan.

Wanda labarinsa ya fi fitowa shi ne Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, Bafulatani daga Timbo a Futa Jalon, ƙasar Gini ta yau, ɗan sarki kuma mai karatun Arabiyya. An kama shi a yaƙi a 1788 yana ɗan shekara 26, aka bi da shi ta New Orleans har Natchez, wani manomi Thomas Foster ya saye shi. Shekara 40 ya yi a gandun Foster da ke arewa da gari, ya auri wata baiwa Isabella, suka haifi 'ya'ya tara. A 1807 yana sayar da dankali a kasuwa sai wani likita ɗan Ailan, John Cox, ya gane shi, domin shekaru da suka wuce Cox ya yi jinya a Timbo a gidan mahaifinsa. Cox ya yi iya yinsa ya fanshe shi, Foster ya ƙi. A 1826 Abdurrahman ya rubuta wasiƙa da Larabci, wani ɗan jarida Andrew Marschalk ya tura ta Washington, ta kai har hannun Sarkin Maroko, wanda ya nemi a sake shi. Da sa bakin shugaba John Quincy Adams da sakataren harkokin waje Henry Clay, Foster ya sake shi a 1828 bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Mutanen gari suka tara dala 200 aka fanshi Isabella.

Ya zaga biranen arewa yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, bai samu isasshe ba. Ya isa Laberiya a 1829, ya rasu a Monrovia a watan Yulin wannan shekara, bai sake ganin Timbo ba. Allah ya jiƙansa. Kuɗin da ya tara ya fanshi 'ya'yansa biyu da iyalansu, sauran suka ci gaba da bauta a Mississippi. Ba shi da gida mai ginshiƙai da za a nuna muku, amma ku sauka bakin kogi a Under-the-Hill, tashar da jiragen wancan zamani ke tsayawa, ku yi masa addu'a.

Gaskiya ne akwai baƙar fata mai 'yanci da ya mallaki bayi a garin?

Gaskiya ne. William Johnson an haife shi bawa a 1809, aka 'yanta shi yana ɗan shekara 11. Ya koyi aski, ya buɗe shaguna, ya sayi filaye, yana ba Turawa rance. Daga 1835 zuwa 1851 ya riƙa rubuta abin da ya faru kullum: faɗan titi, tseren dawaki, wanda ya ci bashi, har da ranar da ya yi wa bawansa bulala. Ya mutu da bayi 16. Gidansa na jan bulo a titin State, wanda ya gina da bulon gine-ginen da guguwar 1840 ta rushe, guguwar da ta kashe mutum 317, yanzu gidan tarihi ne, shiga kyauta.

A 1851 wani maƙwabcinsa, Baylor Winn, ya harbe shi kan rikicin iyakar gona. Shaidun baƙaƙe ne, doka kuma ta hana baƙar fata ba da shaida a kan farar fata. Winn ya ce shi ba baƙar fata ba ne, aka kasa tabbatar da akasin haka a kotu, ya fita. Duk dukiyar Johnson ba ta saya masa adalci ba, kuma zaluncin da aka yi masa bai wanke wanda ya yi wa bayinsa ba. Gidan yana nuna duka biyun.

Waɗanne wurare ne baƙaƙen fatar garin ke ɗauka nasu?

Galibi suna kan titin St. Catherine da titin Martin Luther King. Cocin Zion Chapel ita ce inda Hiram Revels ya yi limanci kafin a 1870 ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawan Amurka. Cocin Holy Family ta 1894 ita ce ta 'yan Katolika baƙaƙe mafi tsufa a jihar. John R. Lynch, wanda ya yi bauta yana yaro a gidan Dunleith mai ginshiƙai 26, ya zama kakakin majalisar jiha, daga baya ɗan majalisar wakilai ta tarayya. A tsohon gidan waya da ke titin Main kuma akwai gidan tarihin baƙaƙen fatar garin.

Wurare biyu na makoki ne. Daren 23 ga Afrilu 1940 gobara ta tashi a gidan rawa na Rhythm Night Club, ginin kwano da aka toshe tagoginsa don hana masu leƙe, ƙofa ɗaya tak. Mutum 209 suka mutu, kusan babu gidan baƙar fata a garin da bai yi rashi ba. Akwai ƙaramin gidan tarihi a wurin, da dutsen tunawa a bakin gaɓa. Na biyu yana harabar babban ɗakin taro na gari. A Oktoban 1965 aka kama ɗaruruwan masu neman 'yancin zaɓe, aka tsare su a wannan ɗaki, aka kwashi wasu zuwa kurkukun Parchman, inda aka tuɓe su cikin sanyi aka ɗura musu maganin zawo. Hukumar gari ta nemi gafara a 2015, a 2019 aka kafa bango mai ɗauke da sunayensu. Wasu daga cikin masu sunayen suna raye, in kun ga dattijo ko dattijuwa a wurin, ku gaisa da ladabi.

Mene ne bikin Pilgrimage, kuma ya dace mu je?

Biki ne na buɗe gidaje ga baƙi, a watannin Maris da Afrilu, da wani ƙarami a kaka. Matan ƙungiyar lambu ta gari suka fara shi a 1932, a tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, bayan sun lura baƙi sun fi sha'awar cikin gidajensu a kan furanninsu. Kuɗin tikiti ya gyara rufi, ya biya haraji, ya ceci gidaje da dama. Ƙungiyar ta rabu biyu bayan 'yan shekaru, ɗaya ke riƙe da Stanton Hall da Longwood, ɗayar kuma gidan Ellicott's Hill da Magnolia Hall. Waɗannan mata sun cancanci yabo a kan wannan.

Laifin bikin shi ne labarin da ya daɗe yana bayarwa: mata cikin buɗaɗɗun riguna, rawa, tutar 'yan tawayen kudu, bayi kuma a kira su “masu hidima” ko a tsallake su. An samu sauyi a 'yan shekarun nan, amma gida ya fi gida. Ku je, domin a lokacin ne kawai ake buɗe wasu gidajen da mutane ke zaune a ciki. In mai zagayawa da ku ya gama bayanin madubi da kujeru, ku tambaye shi cikin mutunci su wa suka gina gidan, mutum nawa aka bautar a ciki, ina suke kwana. Yawan masu tambaya ne ya sa aka fara amsawa.

In gini ya shiga rajistar tarihi ta ƙasa, shi ke nan ba za a rushe shi ba?

A'a. Dokar 1966 ce ta kafa rajistar, kuma galibi sai gini ya kai shekara 50 ake duba shi. Shiga rajista girmamawa ce, tana kuma tilasta wa gwamnatin tarayya ta yi nazari kafin aikinta ko kuɗinta ya taɓa wurin. Ba ta hana mai gida yin abin da ya ga dama da kuɗinsa. Mai haƙori ita ce dokar gari: a unguwannin tarihi na Natchez, sai da izinin kwamitin adana gine-gine za a canza fuskar gida ko a rushe shi.

Ko wannan ba ta maganin sakaci. Gidan Arlington, wanda ke da matsayi mafi girma a rajistar, ya yi gobara a 2002, ya zama kango, ɓarayi da ciyawa suka ƙarasa shi. Gidauniyar Historic Natchez Foundation, wadda aka kafa a 1974, ita ke bin irin waɗannan gine-gine, tana neman masu saye da za su gyara, tana kuma adana tsofaffin takardun kotu da ke ɗauke da sunayen bayi.

Baƙo zai iya sayen tsohon gida a can? An ce da araha.

Zai iya, kuma in aka kwatanta da manyan birane da sauƙi, saboda raguwar jama'a da aka ambata a amsar farko. Sai dai kuɗin saye shi ne ƙaramin. Ƙasar akwai laima da gara, ruwan sama mai yawa, tsohon bulo kuma laushi gare shi, in aka cike shi da simintin zamani sai ya farfashe, dole a nemi mai aikin farar ƙasa. Kamar ginin ƙasa ne da ake yi wa yaɓe kafin damina: shekarar da aka tsallake, ita za a biya ninki. Gwamnatin tarayya tana rage kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara daga haraji, amma ga ginin da ke kawo kuɗi kawai, kamar masauki ko shago, kuma sai an bi ƙa'idojinta. Jiha ma tana da nata rangwamen. Kafin ku sa hannu, ku karanta amsar da ta gabata kan izinin kwamiti.

Ban da gidaje, me kuma ya cancanci tsayawa?

Cocin St. Mary da aka fara ginawa a 1842, mai dogon tsini da gilasai masu launi, a buɗe take ga baƙi in ba a ibada. Ɗan gaba kaɗan akwai wurin ibadar Yahudawa na B'nai Israel, ginin 1905, shaidar 'yan kasuwar da suka riƙe cinikin garin bayan yaƙi, ko da yake yanzu 'yan ƙalilan suka rage.

Maƙabartar gari, wadda aka buɗe a 1822 a kan gaɓa, ita ma littafi ce. Akwai kabarin wata yarinya 'yar shekara 10, Florence Ford, da ta rasu a 1871. Tana tsoron tsawa, sai uwarta ta sa aka haƙa matakala har zuwa daidai kan akwatinta, duk lokacin da hadari ya taso ta sauka ta zauna kusa da ita. Matakalar tana nan.

Sai Under-the-Hill, tsohuwar tashar jiragen ruwa a ƙarƙashin gaɓa, wadda kogi ya cinye har saura titi ɗaya. A da fatake kan gangaro da kaya a kwale-kwalen katako, su sayar da kayan da katakon, su koma arewa da ƙafa ta hanyar Natchez Trace. Yau hanyar mota ce mai mil 444 har Nashville, kuma ita ce dai hanyar da aka bi da ayarin bayin da aka ambata a sama.

Yaya za mu tsara tafiyar, musamman da yara?

Da mota ake zuwa: wajen awa biyu daga Jackson ko Baton Rouge, wajen uku daga New Orleans. Kwana biyu sun isa. Ranar farko Grand Village, Forks of the Road, Melrose da gidan William Johnson, la'asar a bakin gaɓa. Rana ta biyu Longwood, titin St. Catherine, maƙabarta, sannan Emerald Mound a hanyar fita. Maris, Afrilu da Oktoba sun fi daɗi, Yuli da Agusta zafi ne mai gumi. Ku duba lokutan buɗewa kafin ku taso, domin wasu wuraren ba kullum suke buɗe ba.

Yaran da suka kai shekarun makaranta za su iya ɗaukar labarin in an faɗa musu shi a sauƙaƙe, gara su ji daga bakinku kafin su isa. Game da abinci, naman alade yana shiga girkin kudu har cikin ganye da wake, don haka ku tambaya kafin ku ci. Soyayyar tarwaɗa kuwa ko'ina akwai. In tafiyar ta haɗa da Juma'a, Jackson da Baton Rouge suna da masallatai, a Jackson ɗin kuma akwai gidan tarihin al'adun Musulmi da aka buɗe a 2001, wanda ya dace a haɗa da wannan ziyara.